Sabis ya tsaya a falon maigida, cikin gida kuwa babu labari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya shigo gidajenmu ba tare da an koya mana yadda ake zama da shi ba, wato intanet marar waya da aka fi sani da Wi-Fi, da kuma yadda za a yi ta kai kowane ɗaki a cikin gida. Ni malamin aikin lantarki ne, na yi shekaru ina koya wa yara wayarin ɗin gidaje, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidana ya faru.

Wata rana bayan sallar isha'i na dawo daga masallaci, sai na tarar da 'yata a zaune a kan tabarma a ɗan lungun da ke tsakanin falona da tsakar gida, ta lulluɓe ƙafafunta da mayafi saboda sauro, tana gwajin tambayoyin jarrabawar JAMB a waya. Na ce mata, "Ke kuwa me ya hana ki zama a ɗaki?" Ta ce, "Baba, ai nan ne kaɗai yake kawowa." Da na shiga ciki na tambayi mahaifiyarta, sai ta shaida mini cewa sun yi watanni a haka, kuma ita kanta, da yake tana sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, idan za ta tura wa masu saye hotunan kaya sai ta ba yaro wayar ya je bakin ƙofar falo ya tsaya har hotunan su tafi. Ni kuwa duk wata ina biyan kuɗin data, a zatona kowa a gidan yana amfana. Rautar, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi ɗin, tana cikin durowar da ke ƙarƙashin talabijin, a kusurwar falon da ke jingine da titi, ke nan rabin abin da take watsawa masu wucewa ne suke samu, iyalina kuwa bango huɗu ne tsakaninsu da ita. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na lura cewa waɗanda suka fi kowa wuni a gida, kuma suka fi kowa buƙatar sabis ɗin don karatu da sana'a, su ne ba ya kai musu, kuma kunya ta hana su faɗa mini.

Tun daga ranar na riƙa lura da gidajen 'yan'uwa da abokai, na kuma ga cewa labarin kusan ɗaya ne. Mutum ya sayi rauta, ya ajiye ta inda yake zama, idan iyali suka yi ƙorafi sai ya ce kamfani ne ba shi da kyau, ya sauya layi, ko ya sayi data mai tsada. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, irin wannan kuskure ya ƙara tsada. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Tafiyar intanet zuwa wayar mutum zango biyu ce. Zangon farko daga turken kamfani ne zuwa rautar, ko ta layin waya da aka sa mata, ko ta igiyar fayiba, ko ta farantin tauraron ɗan'adam irin na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Zango na biyu daga rautar ne zuwa waya ko kwamfuta, kuma wannan zango babu ruwan kamfani da shi, na mai gida ne. Ko da mutum ya sayi rautar 5G, wadda MTN ta fara kawowa a 2022, ƙarfin da ya shigo falo ba zai ratsa bango huɗu ba don kawai an biya kuɗi da yawa. Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne: a tsaya kusa da rautar a buɗe bidiyo, sannan a shiga ɗaki na ƙarshe a buɗe wannan bidiyon. Idan ya tafi lafiya a kusa ya riƙa tsayawa a nesa, to matsalar ta cikin gida ce.

Wi-Fi rediyo ce, kamar wadda muke kamawa a akwati, sai dai tana aiki a mitar rediyo ta can sama ƙwarai da ƙarfi ɗan kaɗan. Da yawa daga cikin rautocin da ke kasuwa suna watsawa a mita iri biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5, shi ya sa wani lokaci mutum yake ganin sunan Wi-Fi ɗinsa ya fito sau biyu, ɗaya da lamba 5 a ƙarshe. Ta 2.4 ta fi nisan zango, ta kuma fi jure bango, amma ba ta da sauri sosai kuma cunkoso ya yi mata yawa. Ta 5 ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma da ta ci karo da bango biyu sai ta galabaita. Ko a fili fetal, duk lokacin da aka ninka nisa sau biyu ƙarfin sigina yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, balle a ce akwai gini a tsakani.

To, a nan ne ginin gidajenmu ya shigo, kuma a nan nake so masu karatu su tsaya su yi tunani. Nisan da ake rubutawa a jikin kwalin rauta an auna shi ne ko dai a fili, ko a irin gidajen Amurka da ake raba ɗakunansu da katako da allon farar ƙasa marar kauri. Mu kuwa da bulo da siminti muke gini, wani lokaci a cika ramukan bulon da kankare, a yi filasta ciki da waje, a zuba dakin mai rodi a sama. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birnin Kano da Zariya da Katsina kuwa, kaurin bangonsu kaɗai ya isa ya shanye sigina, musamman da damina idan ƙasar ta sha danshi, domin ruwa yana cikin manyan abubuwan da suke cinye wannan nau'in rediyo. Ƙarfe shi kuma mayar da ita yake yi kamar yadda madubi yake mayar da haske. A duba gidan Bahaushe na yau a ƙirga ƙarfen da ke cikinsa: ƙofofin ƙarfe, ƙarafan tagogi, ragar sauro ta ƙarfe, rufin kwano, firji, durowar ƙarfe, da babban madubin jeren ɗakin amarya, wanda bayansa shafen ƙarfe ne. Ragar sauro ta ƙarfe ta fi ba mutane mamaki, amma dalilinta a fili yake. Tsawon igiyar rediyon gigahaz 2.4 kusan santimita 12 da rabi ne, ramukan ragar kuwa ba su kai ƙwayar gero ba, saboda haka a wurin sigina ragar kamar faranti ce. Da irin wannan raga ake tsare zafin na'urar ɗumama abinci ta lantarki, wadda ita ma a kusa da wannan mita take aiki, don kada ya fito ta gilashin ƙofarta.

Sannan tsarin gidan kansa dogo ne. Daga zaure ko falon baƙi a shiga soro, a fita tsakar gida, sannan ɗakunan mata a can ciki, madafi a gefe, ɗakin samari a waje, wani gidan ma da sashen kaka ko na ƙanin maigida. An gina shi haka ne da gangan don sutura, don kada idon baƙo da muryarsa su kai ciki, kuma bangon da ya tare ido da murya shi ne yake tare Wi-Fi.

Magani na farko ba ya cin ko kwabo, shi ne a sauya wa rautar wuri. A fitar da ita daga durowa, a ɗaga ta sama da tsayin mutum, a kai ta wurin da ya fi kusa da tsakiyar gidan, nesa da firji da tankin ruwa da bayan talabijin. Idan tana da eriya a waje, a tsayar da su a miƙe, domin sigina daga gefen eriya take bazuwa, ba daga tsininta ba. A gidana, da na ɗauke ta daga falo na kafa ta a saman bangon barandar da ke kallon tsakar gida, a ƙarƙashin inuwa, ɗakuna uku suka samu a take, saboda yanzu ta ƙofofi da tagogi take shiga, ba ta cikin bulo ba. Tsakar gida, wadda babu abin da ya tare ta, ita ce babbar hanyar sigina a irin gidajenmu, amma ba kasafai ake amfani da ita ba. Akwai manhajoji na kyauta da suke nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi a gabanta. Lamba kamar -50 ƙarfi ne sosai, wajen -67 har yanzu ana kallon bidiyo a yi kiran fuska da fuska, idan ta kai -80 kuwa sai dai a ga alamar Wi-Fi a waya amma babu abin da zai buɗe. Mutum ya zaga gidansa ɗaki-ɗaki da wayarsa ya rubuta lambobin a takarda kafin ya sayi komai. Abin lura ɗaya shi ne, rautar da ke amfani da layin waya tana buƙatar inda take kama turken kamfani da kyau, wanda sau da yawa kusa da taga ne, kuma wannan wuri ba lallai ya zama tsakiyar gida ba. Idan buƙatun biyu suka saɓa, to a bar ta inda take kama kamfani, a nemi hanyar ɗaukar sabis ɗin zuwa ciki.

A wajen neman wannan hanya ne ake cutar mutane. Lokacin da ɗakuna biyu na ƙarshe suka ƙi samu, na je wani shago a kasuwar 'yan waya, mai shagon ya ba ni wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, wadda suke kira busta, ya ce in sa ta a ɗakin da babu sabis, za ta jawo shi. Na sa ta kamar yadda ya ce, alamar Wi-Fi ta cika taf a waya, amma ko saƙon murya ba ya tafiya. Na'urar ba ta jawo komai, maimaitawa take yi. Tana sauraren rautar ne ta sake faɗin abin da ta ji, saboda haka idan aka ajiye ta inda ita kanta ba ta ji da kyau, raunin da ta samu shi za ta watsa da ƙarfi. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda sigina take da sauran ƙarfi. Ko a can ma, masu arahar da ke da rediyo ɗaya ba sa iya saurare da faɗa a lokaci guda, don haka saurin yana raguwa da kusan rabi. Ba na cewa ba ta da amfani, tana iya isar wa ɗaki ɗaya da ake karanta saƙonni a cikinsa, amma zalunci ne a sayar wa mutum ita ba tare da an gaya masa inda zai sa ta da abin da zai rasa ba. Haka kuma masu cewa a sayi rauta mai eriya shida ko takwas za ta ratsa ko'ina, sun manta cewa magana ce tsakanin biyu. Rautar tana iya ɗaga murya wayar ta ji ta, amma ita wayar, da ɗan ƙaramin batirinta da 'yar eriyar da ke cikinta, dole ta mayar da amsa ta cikin bangon nan dai.

Akwai kuma na'urorin da ke bi da intanet ta cikin wayarin ɗin wutar gida, a cusa ɗaya kusa da rauta, ɗaya a ɗaki mai nisa. A ƙasashen da wuta take tsaye suna aiki, amma a matsayina na mai wannan sana'a ba na ba kowa shawarar su a nan. Gidajenmu da yawa an raba ɗakunansu a kan layukan wuta daban-daban, ga makunnin da ke sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta, ga inbata da sitabilaiza, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana iya yanke saƙon ko ya cika shi da hayaniya.

Abin da ya warware mini matsalar, kuma wanda nake kira ga jama'a su rungume shi, shi ne kebul. Mutane suna jin kamar koma-baya ne a ja waya don a gyara abin da aka ce marar waya ne, amma duk otal da ofis da jami'ar da aka ga Wi-Fi tana aiki ko'ina, to kebul ne a ɓoye a cikin silin yake kai sabis ga na'urori masu yawa, kowacce tana kula da ɗan yankinta. Kebul ɗin kwamfuta nau'in Cat6 yana ɗaukar saƙo har mita 100 ba tare da ya yi rauni ba, kuma gidaje kaɗan ne tsawonsu ya kai haka. Na ja guda ɗaya daga rautar, ta cikin bututun roba a bin bango, zuwa barandar ɗakunan ciki, na haɗa shi da wata tsohuwar rauta da ke ajiye ba a amfani da ita. Na kashe mata aikin raba adireshi, wato lambobin da rauta take bai wa wayoyin da suka haɗu da ita, don kada ta yi karo da ta farko, na ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na waccan, ta yadda waya za ta koma kan wadda ta fi kusa da kanta. Wanda zai sayi kebul ya kula, domin akwai na jan ƙarfe zalla, akwai kuma na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A kankare ɗaya daga cikin siraran wayoyin da ke cikinsa da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki to na alminiyon ne, yana saurin karyewa, kuma bai dace da na'urorin da ake tura musu wuta ta cikin kebul ɗin ba. Araha ba ta ado a nan, domin abu ne da za a binne a bango a manta da shi shekaru.

Mai hali yana iya sayen saitin nan na na'urori biyu ko uku da ake kira mesh, waɗanda suke magana da juna su rufe gida da suna ɗaya. Sun fi busta nesa, kuma saita su ba wuya. Sai dai su ma idan ta iska suke magana da juna, bangon bulo yana raba su kamar yadda yake raba waya da rauta, shi ya sa a gidan bene ko dogon gida ya fi kyau su ma a haɗa su da kebul. Idan kuma sashe ne daban da ke can ƙarshen fili, a yi hattara da jan wayar jan ƙarfe a sararin sama daga gini zuwa gini, saboda tsawar damina tana iya biyo ta ta ƙone na'urorin ɓangarorin biyu. A binne ta a cikin bututu, ko a yi amfani da igiyar fayiba wadda gilashi ce ba ta ɗaukar wuta, ko kuma a kafa 'yan farantai biyu masu kallon juna, muddin babu bishiyar darbejiya ko mangwaro a tsakaninsu.

Wuta da zafi ma suna da nasu rabon. Rauta ba ta cin wuta, yawancinsu a kan bolt 12 suke aiki kuma abin da suke ja bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba, don haka ƙaramin batirin ajiya ko layin sola ya isa ya riƙe su. Amma a tuna cewa duk na'urar da aka ƙara tana buƙatar nata, in ba haka ba da an ɗauke wuta cikin gida zai koma inda ya fito, falo kaɗai ya rage. Yawancinsu kuma an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce haka a inuwa, balle a cikin silin ƙarƙashin kwano. A ba su iska, a kuma riƙa kakkaɓe musu ƙurar hunturu.

Da zarar sabis ya cika gida, zai tsallaka katanga. A sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita, har da ta shiga saitinta, a zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato tsarin haɗa waya da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba, wanda tun 2011 aka gano yana da rauni. Wannan ba rowa ba ce. Wanda yake so ya taimaki maƙwabci ko ɗalibin unguwa, kuma abu ne mai kyau, yawancin rautoci suna ba da damar buɗe layin baƙi daban, mai kalmar sirrinsa, wanda ba ya kai mutum ga wayoyi da kwamfutocin iyali. A unguwannin da gidaje suka matsu, inda kowa yake da tasa rautar, mitar 2.4 tana cunkushewa, kuma tashoshi uku ne kawai a cikinta ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Maƙwabta uku da za su zauna su raba waɗannan tashoshi a tsakaninsu, kowannensu zai ga bambanci.

Babban kirana, ranka ya daɗe, ga masu gini ne da masu koyar da su. Duk wanda yake gina gida yau, kafin a yi filasta, ya sa mai wayarin ya binne bututu na musamman daga wuri ɗaya a tsakiyar gida zuwa kowane sashe da kowane hawa na bene, daban da bututun wuta, a bar soket a sama kusa da bakin kowanne. Kuɗin wannan a lokacin gini bai kai na ƙofa ɗaya ba, amma bayan an yi fenti an shiga sai an fasa bango ko a bar waya tana rataye. Ina roƙon hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, da shugabannin makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin masu wayarin, su ba wannan aiki muhimmanci a horon da suke bayarwa, domin yaron da ya iya jan wayar wuta, mako biyu sun ishe shi ya koyi matse kan kebul da saita na'ura, kuma sana'a ce da za ta ci da shi. Ita kuma wannan jarida, ina fata za ta ware shafi lokaci-lokaci ta yi bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa tare da zane, saboda takardun da ke cikin kwalayen da Turanci ko Sinanci suke zuwa, kuma mafi yawan masu saye a bakin mai shago kaɗai suke jin bayani.

Ga magidanta 'yan'uwana kuwa, roƙona shi ne kowa ya ɗauki wayarsa yau da dare ya shiga har ɗaki na ƙarshe a gidansa, ya gwada da kansa, ya kuma tambayi matarsa da 'ya'yansa inda suke tsayawa idan suna neman sabis. A gidana aikin gaba ɗaya wuni guda ya ci, da kebul mita 30 da tsohuwar rautar da na ambata, kuma 'yata ta ƙarasa shirin jarrabawarta a kan teburinta a ɗaki, a cikin gidan sauro.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kuma saka muku da alheri.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Zariya, Jihar Kaduna.